Sallamar Barira a Bakin Ruwan Nansha

An ci mutuncin Barira, kuma a gaban mutane aka ci. Duk wanda ya ce ba haka aka yi ba, to ba ya falon yayanta Alhaji Mas'udu ranar Lahadin nan.

Mace mai shekara arba'in da tara, da 'ya'ya huɗu da jikoki biyu a Kano. Shekararta shida tana zawarci, ba wanda ya taɓa jin an ce ga abin da ta yi. Ba ta yi boko ba, amma duk kasuwar jakunkuna ta Shiling babu mai sayar da jaka da ya isa ya yi mata ha'inci, shinshina fata take yi ta gaya maka ta gaske ce ko roba. Irin wannan matar ce ta zauna a ƙuryar ɗakin yayanta, hawa na tara a wani dogon bene da ke titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar China, ta sha leshi ruwan lemo mai ƙyalli, ta kafa ɗauri, awarwaro har gwiwar hannu, gabanta na faɗuwa kamar wadda ba ta taɓa aure ba.

Ranar tambayar aurenta ce.

Da hantsi dattawa biyu 'yan Maraɗi suka iso da goro da alewa, a madadin Malam Tankari. Aka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi kasuwa. Barira ta ɗan buɗe ƙofa daidai faɗin yatsa biyu, ta kafa kunne.

Sai ta ji yayanta ya ce, "To shi mai neman yana ina? Na san a gida ba a zuwa da ango tambaya. Amma nan ba gida ba ne, ba shi da uwa ba shi da uba a garin nan. A kira shi ya hawo in kalli idonsa."



Ɗaya dattijon ya kama gyaran hula. Ɗayan kuwa tsoho ne da Allah bai koya masa ƙarya ba. Ya ce, "Ai ya tahi bakin ruwa, Alhaji. Can Nansha."

"Kamun kifi?"

"A'a. Kallon tsuntsu."

Wata dariya ta fashe daga kusurwar falon, har da buga cinya. Alhaji Munkaila ne, dilan takalma, aminin Alhaji Mas'udu tun suna Kantin Kwari. Shekara biyu yana neman Barira tana zillewa. Wai yau wucewa ya zo yi ya leƙo shan shayi. Wucewa, a hawa na tara!

Ya ce, "Tsuntsu? Na miya ne ko na gashi? Kai, Allah mai iko. Baba, shi kaɗai ya tafi?"

Ya san amsar, munafuki. So yake a faɗa da ƙarfi ta shiga ƙurya.

Tsohon ya ce, "Da 'yan ƙungiyarsu. Da yarinyar nan Ramatou, mai yi musu tafinta."

Barira ta mayar da ƙofa a hankali. Awarwaron suka yi ƙara, suna neman tona mata asiri.

* * *

Shi Tankarin nan ba mahaukaci ba ne, kada a ɗauka. Shekara ashirin ya yi yana aikin gandun daji a Nijar, yana ƙirga tsuntsayen tafkin Madarunfa. Matarsa ta rasu, ya yi ritaya, wani ɗan'uwansa ya kawo shi Guangzhou yana duba kaya kafin a loda kwantena. Lokacin zafi mutum ne kamar kowa, mai sallah a kan lokaci, mai magana ɗaya.

Amma bari sanyi ya shigo.

Akwai wasu tsofaffin 'yan China da ya haɗu da su, masu ƙungiya. Duk Asabar da Lahadi sai su cika bas tun duku-duku su nufi bakin teku. Ba kamawa suke ba, ba harbi suke ba, ba ci suke ba. Kallo kawai, su rubuta a littafi, su dawo da majina. Cikin tsuntsayen kuma akwai guda ɗaya da ya shiga ran Tankari, wani ɗan farin tsuntsun teku da ya ce saura kaɗan irinsa ya ƙare a duniya, sai da sanyi yake saukowa daga arewa. Sanyi uku yana binsa bai gan shi ba. Ranar da ya je an ce jiya ya zo, ranar da bai je ba an ce yau ya wuni.

Wata takwas yana zuwa zance wurin Barira. Ta yi dambun nama, ta yi kunun gyaɗa, ta turara falo. Shi kuma ya zauna ya fara: ɗan ƙarami ne, bai fi tantabara ba, baki gajere baƙi wuluk, sauran 'yan'uwansa duk jan baki gare su, ƙafafunsa ja, ga wani ɗigon baƙi a bayan ido kamar an ɗiga masa kwalli.

Wata takwas! Bai taɓa cewa idonta kaza ba ne. Amma ta haddace inda ɗigon tsuntsu yake.

Ta haɗiye duk wannan, don tana sonsa. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne Ramatou. 'Yar Yamai ce, ta ɗan haura talatin, tana karatu a wata jami'a a unguwar Tianhe, yaren China a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ita ke zama kusa da shi a bas. Ita ke gaya masa abin da tsofaffin suka ce. In ta ga Barira sai ta rusuna har ƙasa ta ce, "Ina wuni, Tanti," da wani irin ladabi mai ƙirga maka shekaru.

Ga shi tun wasannin Olamfik aka tsaurara biza, ta Tankari ba za a ƙara ba, ƙarshen sanyin nan zai koma gida. Ko a ɗaura kafin nan, ko shi ke nan.

Ƙofa ta buɗe, Alhaji Mas'udu ya shigo ya mayar ya rufe.

"Kin ji da kunnenki?"

"Na ji, Yaya."

"Wannan ne kika ce in tsaya masa? Na hana kaina fita kasuwa, na sa babbar riga, na tara mutane, shi yana can yana leƙen tsuntsu da 'yar makaranta!"

"Yaya, wataƙila bai san za ka neme shi ba."

"Rufe mini baki! Har yanzu kare shi kike? Ga Munkaila nan, ɗan gida, mun san uwarsa mun san ubansa. Me ya rasa?"

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle, suka ja kwalli har haɓa.

"Yaya, na yi wa kowa. Na yi jinyar marigayi shekara uku ban taɓa cewa na gaji ba. Na aurar da yara, na ɗauki jaka a ka daga Kano har ƙasar nan. Sau ɗaya a rayuwata na ce ga abin da nake so. Alhaji Munkaila in ya kalle ni shagona yake gani. Shi kuwa wancan, in ina magana sai ya jira na gama. Ka san shekara nawa na yi ban samu wanda zai jira in gama magana ba?"

"To ga shi can yana jiran tsuntsu ya gama tasa."

Ta rufe fuska da mayafi. Ya tsaya yana kallonta, ya ɗan sassauta murya, amma maganar ba ta sassauta ba.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba. Amma wallahi ba zan zama waliyyin wanda ya fifita tsuntsu a kan ƙanwata ba. In aka kira la'asar ban ga ƙafarsa a falon nan ba, goronsa ya koma inda ya fito. In Munkaila ya kawo nasa, zan karɓa. Yaranki kuma ni zan kira su in gaya musu dalili."

Ya fita.

Ta lalubo waya ta danna lambar Tankari. Wata mata ta kama zuba mata yaren China. A kashe take. Ta sake, matar ta sake. Har wayar tasa ma mace ce ke amsawa!

Ta miƙe, ta goge fuska da bayan hannu. Kuka ya isa. Haƙƙinta za ta je ta karɓo, ko ta ji daga bakinsa cewa babu.

* * *

Direban da yake kai ta Shiling sari yana ƙasan bene yana shan taba. Ba ta taɓa iya sunansa ba, Lawban take ce masa, wato maigida, shi ma Lawban yake ce mata.

Ya ga leshi ya washe baki. "Shiling?"

"Meyo Shiling, ba Shiling ba. Nansha!"

Ya ɗaga gira. Ta buɗe hannuwa ta kaɗa su kamar fukafukai, awarwaro suka ɗauki ƙara. Ta sa yatsu ta yi zobe a ido. Sai ya kwashe da dariya, ya jefar da tabar, ya buɗe mata ƙofa. Ya gane.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Duk tsawonta abu ɗaya take gani: kujera biyu a bas, kafaɗa na gogar kafaɗa. Me suke cewa? Da Faransanci suke yi, ta sani, yaren da ba ta da ko kalma ɗaya a ciki. In ya yi sanyi wa ke miƙa masa shayi? Ta tuna wata hular ulu da ya fara sawa bana, toka-toka, da ya ce kyauta aka ba shi. Ba ta tambayi wa ya bayar ba. Wauta!

Benaye suka ƙare, gonakin ayaba suka ƙare, aka shiga tafkunan kiwon kifi. Sama ta yi toka, babu rana ko ɗigo. A ƙarshen kwalta suka ga bas a tsaye. Lawban ya nuna mata wata doguwar gaɓa da aka tara da ƙasa, ta miƙe tsakanin ciyayi har bakin ruwa.

Ta tattare zani ta hau. Iska mai sanyi ta mare ta, takalminta na biki na nutsewa a laka.

Can ta hango su.

Mutum kusan talatin, duk cikin kaya masu launin ƙasa, sun duƙa a bayan wani shingen kara. Ba mai tari, ba mai motsi, ka ce gawa aka ajiye a gabansu. A tsakiya an kafa wani dogon madubin hangen nesa mai ƙafa uku, an yi layi, kowa ya sa ido ya ɗan jima sai ya ja baya yana dafe ƙirji. Gaba da shingen, laka ce shimfiɗe, ruwa na turowa, fararen tsuntsaye ɗaruruwa sun taru dab da mutane.

Ga Tankari, shi ne na gaba a layi. Ga hular toka.

Ga kuma Ramatou a jikinsa. Ta yi ɗage, ta riƙe hannun rigarsa, ta kai bakinta har cikin kunnensa tana raɗa. Bakinta a kunnensa! Abin da Barira ba ta taɓa yi ba a wata takwas, don tana jin kunyar Allah.

Ramatou ce ta fara waigowa. Ta ga leshin, wa zai rasa ganinsa? Kuma a nan ne za a san irin zuciyarta. Ta san dokar wurin. Da ta so, yatsa ɗaya za ta ɗora a leɓe. Ba ta ɗora ba. Murmushi ta yi, ta ɗaga hannu sama tana yafito ta, kamar mai cewa ƙaraso, ƙaraso.

Ita kuwa Barira 'yar mutunci ce. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa faɗa wa taron mutane ba sallama ba, ko da faɗa ta zo. Ta ja numfashi, ta saki muryar da take ciniki da ita a Shiling.

"Salamu alaikum!"

Kawuna talatin suka juyo lokaci ɗaya. Yatsu talatin suka hau leɓe. Tsuntsayen suka miƙe wuya, suka tsaya cak. Amma ba su tashi ba. A rubuta wannan: ba su tashi ba.

Tankari ya riga ya sunkuya, saura ƙiris idonsa ya taɓa gilashin. Sai muryar ta shiga kunnensa. Mutumin da ya shekara hamsin da takwas ba a taɓa yi masa sallama ya yi shiru ba. Kafin ya yi tunani ya miƙe tsaye zumbur, kansa ya zarce shingen, ya amsa da dukan ƙirjinsa.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah!"

Fuuu!

Lakar ta tashi sama gaba ɗaya. Fari, fari, fari, kuka ya cika ko'ina. Suka yi gewaye ɗaya a kan ruwa, suka karkata, suka bi bayan ciyayi.

Ba a bar ko ɗaya ba.

* * *

Wani tsoho mai farin gashi ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Wata mata da ke bayan layi ta ce, "Meyo la," muryarta na rawa. Wannan kam Barira ta san shi. Babu. An rasa.

Tankari yana tsaye, bakinsa a buɗe, yana kallon inda suka bi. Da ya juyo, idanunsa sun kawo ruwa.

"Hajiya," ya ce a hankali. "Saura ni. Layina ne ya zo. Sau ukku ina kaiwa gaba ina ba wani. Na ba tsoho, na ba tsohuwa, na ba wani mai sanda. Na ce ba ya kyautu in riga manya. Shina nan, Hajiya, shina tsaye cikinsu, kowa ya gane shi sai ni."

Hawaye. A kan tsuntsu. Ita da aka yi wa dariya a falon yayanta, ko "lafiya?" bai ce mata ba.

Ramatou ta matso tana gyara gyale. "Tanti, kin san abin da kika yi kuwa? Akwai wanda ya kwana a jirgin ƙasa don ya zo nan."

"Ni ba tantinki ba ce. Ban haɗa komai da uwarki ba." Barira ta tako har gabanta. "Tambaya ɗaya zan yi miki. Wa ya gaya masa tsuntsun ya sauka yau?"

"Ni. Da asuba aka sanar a ƙungiya."

"Kin san yau ranar mece ce?"

Ramatou ta dube ta ido cikin ido. Ladabin nan duk ya zube.

"Na sani."

"Kin sani!"

"Na sani. Kuma ban ɗaure shi na sa a bas ba, da ƙafarsa ya shiga. Rabin mutumen nan kawai kika sani, Hajiya, wanda ke zuwa cin dambu. Ɗaya rabin yana nan bakin ruwa. Sanyi uku ni ke tsaye da shi a cikin lakar nan. Ke ko sau ɗaya kin taɓa cewa ya zo da ke?"

Maganar ta shiga. Ta shiga don akwai gaskiya a ciki, kuma ba abin da ya fi gaskiyar maƙiyi zafi.

Tankari ya zaro ido. "Ramatou! Mi kike hwaɗi haka? Ke da nike ɗauka ɗiyata?"

"Ban taɓa cewa ka ɗauke ni ɗiya ba."

Ka ji namiji. Ɗigon da ke bayan idon tsuntsu yana hango shi daga nisan kilomita, macen da ke manne da hannun rigarsa shekara uku bai gan ta ba.

'Yan China sun yi cirko-cirko suna kallo. Barira ba ta damu ba. Ta juya kansa, hawaye na zuba, muryarta ba ta karye ba.

"Malam, haƙƙina na zo karɓa. Yau a gaban Alhaji Munkaila aka ce mai nemana ya tafi kallon tsuntsu. Ya yi dariya har yana buga cinya. Ni Barira! Me na yi maka? Wane dare ka zo ban tashi na dafa ba? Wace magana ka yi ban saurara ba? Na san bakinsa baƙi ne, na san ƙafarsa ja ce, na san abin da yake ci. Kai ka san launin zanen da na sa ranar Juma'a?"

Ta ba kanta amsa.

"Ba ka sani ba."

"Hajiya, ki yi mini fardon, ki yi haƙuri. Wallahi ban raina ki ba. Garinmu ango bai zuwa tambaya, kunya ce. Na ce tunda dattawa sun tahi, ni mi zan zauna yi cikin ɗaki? In zo in gane shi sau guda, in rufe wanga babi, in shiga aure da zuciya guda."

"A garinku ango yana kashe waya ya bi mace bakin ruwa?"

"Wayar doka ce ta nan, kowa kashewa yake..."

"To ga dokar Yaya. In aka kira la'asar bai gan ka a falonsa ba, goronka ya koma, na Alhaji Munkaila ya shiga. Yanzu ƙarfe ɗaya ta wuce."

Tsohon mai farin gashi ya taso yana kakkaɓe wando, ya yi wata magana yana nuna bayan ciyayi. Ramatou ta yi caraf ta fassara, da Hausa, don Barira ta ji.

"Ya ce ba su yi nisa ba. In ruwa ya fara janyewa za su dawo cin abinci. Awa ɗaya, ko biyu. Ya ce kai za a fara ba madubin." Ta sassauta murya. "Wannan ne sanyinka na ƙarshe, Malam. A Maraɗi babu teku."

Tankari ya dubi ruwa. Ya dubi Barira. Ya sake duban ruwa.

Wannan waiwayen na biyu, har ta mutu ba za ta manta shi ba.

"Mota na can," ta ce. "Ba zan roƙe ka ba."

Ta juya.

* * *

Gaɓar ta ƙara tsawo. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, ta zare ƙafa ta bar shi nan. Ta rantse ba za ta waiga ba, sai ta mayar da duk jikinta kunne. Iska take ji. Ƙarar awarwaronta take ji. Takun mutum, babu.

Ta kai mota. Lawban ya dubi fuskarta, ya dubi ƙafarta. Ta shiga baya ta ja ƙofa. Ya tayar da inji. Ya dube ta ta madubi yana jiran umarni.

Ta kasa cewa a tafi.

Sai ɗaya ƙofar ta buɗe.

Tankari ya shigo yana haki, laka har gwiwa, takalminta a hannunsa. Ba hula a kansa. Ya ajiye takalmin a gaban ƙafarta, ya cire ƙaramin madubin hangen nesan da ke rataye a wuyansa ya cusa a jaka, ya zuge.

"Mu tahi."

"Ina hular?"

"Na mayar wa mai ita."

Mota ta ɗaga. Barira ta danna wa yayanta kira.

"Yaya, ga mu nan tafe. Kada ka mayar da goron."

"Ku da wa?"

"Ni da shi."

Ya ce, "Munkaila ya aika a kawo nasa. Ni dai na faɗa miki, la'asar." Ya kashe.

Tankari ya sunkuyar da kai, ya dafe fuska da tafukansa biyu, kafaɗunsa na girgiza. "Na bar shi, Hajiya. Ba rabona ba ne. Ki yafe mini. Duk abin da Alhaji ya ce in yi, zan yi, ko durƙuso ya ce in yi gaban mutane."

Barira ta dube shi. Tana so ta yarda kukan nata ne. Amma wa zai iya raba mata, wannan hawayen na Barira ne, wancan na tsuntsu?

Ba su yi nisa ba wata motar kifi ta tare hanya, ana loda mata kwanduna. Lawban ya taka birki yana ƙunƙuni. Barira ta juya fuska wajen taga don kada ta ga kukan.

A gefenta akwai wani tafkin kiwo da aka zuƙe wa ruwa, saura laka mai sheƙi. A kan lakar, bai fi taku goma da motar ba, wani abu fari yana tsaye shi kaɗai.

Bai fi tantabara ba.

Baki gajere, baƙi wuluk. Ƙafafu ja. Ya karkato kai, sai ga ɗigon a bayan ido, kamar an ɗiga masa kwalli.

Numfashinta ya tsaya.

Kuma abin haushin, yana da kyau. Wallahi yana da kyau. Tsaf da shi, ba ruwansa da kowa, bai san an yi kuka a kansa ba. Ya tsinci wani abu a laka, ya haɗiye, ya ɗago yana kallonta.

Kalma ɗaya ce. "Malam, duba." Ko taɓa gwiwarsa ta yi ya isa. Sanyi uku zai ƙare a nan, zai tuna da ita da wannan har abada.

Amma ta san shi. Ba zai kalla ya yi shiru ba, mutumin da ya ba tsofaffi layi sau uku. Zai fita da sanɗa, ya kunna waya, ya ce a gaya wa tsohon da ya kwana a jirgi. Wa zai kira ya gaya musu da yarensu? Ramatou. Za ta zo da gudu, gyale na tashi. Za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, fuskarsa ta yi wani haske da Barira ba ta taɓa gani ba, su yi ta raɗa da Faransanci. Ita kuma tana cikin mota da ƙafa ɗaya a laka, la'asar na tahowa.

A'a. An ci mutuncinta da safe. Wannan karon kam ba za a ci ba.

Ta kama bakin mayafinta, ta ɗaga, ta shimfiɗa shi a jikin gilashin, ta danne da tafin hannu.

Ƙarar awarwaro ta sa ya ɗago, idanu jajur.

"Mi ne ne, Hajiya?"

"Rana ce ta dame ni."

Ranar da tun safe ba ta fito ba. Ya gyaɗa kai, bawan Allah, ya ce sannu, ya mayar da fuska cikin hannuwansa.

Motar kifin ta kauce. Barira ta buga bayan kujerar direba.

"Lawban, yi sauri!"

Ba ta saki mayafin ba sai da ruwan ya ɓace a bayansu.